Yadda nake haɗa sobet ɗin bulubari in zafin Kaduna ya taso

Uwargida in watan Maris da Afrilu suka shigo garin nan kin san yadda ake ciki, fanka ma iskar zafi take hurowa, to lokacin nake yin wannan abin. Sobet kamar askirim yake amma ba madara ko ɗigo, 'ya'yan itace ne kawai da suga da ruwa, shi ya sa baya gundura.

Shi bulubari kamar ƙananan ɗinya yake, ba ɗan ƙasar nan bane, asalinsa Amurka da Kanada, kar ki wahalar da kanki zuwa Kasuwar Barci ko Kawo nemansa, manyan kantuna za ki duba wajen firiza, a leda yake zuwa daskararre kuma gaskiya akwai tsada, ni ma sai baƙi na musamman nake wa.

Ki samu kofi 4 na bulubari, suga kofi 1 saura kwata, ruwa shi ma haka, lemun tsami 1 da ɗan gishiri na bakin yatsa. Ki ɗora ruwan da sugan a wuta har ya narke, ki sauke ki barshi ya huce sosai. Ki zuba a bilenda tare da bulubarin da gishirin ki matse lemun tsamin ki niƙa ya yi laushi, sai ki tace da rariya saboda ɓawon da ƙananan 'ya'yan.

Maganar suga, don Allah kar ki ce za ki rage shi da yawa. Ba don zaƙi kaɗai ake sa shi ba, shi ke hana abin daskarewa kamar dutse, ranar da na fara yi na rage rabi wai ina lura da lafiyar maigida, wallahi sai da muka sa wuƙa muna sara kamar ƙanƙarar zobon leda. In kin ɗanɗana ki ji zaƙin ya ɗan wuce yadda kike so, sanyi na rage jin zaƙi.

Ki juye a roba mai faɗi mara zurfi ki rufe ki sa a firiza, bayan kamar minti 45 ki fito da shi ki kankare gefen da ya fara kamawa da cokali mai yatsu ki juya, ki mayar, haka sau 3 ko 4, a awa 5 zuwa 6 ya yi. Matsalar dai wuta ce, ki fara lokacin da kika san layinku na samu ko kuma ranar da za a tada janareta, don in ya narke ya sake daskarewa ƙanƙara ce zalla.

In kuɗin bulubari ya fi ƙarfinki ki yi da mangwaro tunda lokacinsa ne, sai dai ki rage sugan zuwa rabin kofi, shi da zaƙinsa yake zuwa. Kafin ki zuba wa mutane ki ajiye shi waje minti 5 ya ɗan saki.