Tuƙin Tirela a Amurka: Shawara ga Bakanon da Ya Sauka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau da yamma ya ga ana loda wa tirela buhuna har su zarce bodi, a ja tamfol, yaran mota biyu su ɗare sama, direba ya yi bismilla ya kama hanyar Legas, ya san babbar mota ba baƙuwarmu ba ce. Shi ya sa ’yan’uwa da yawa in sun sauka Amurka ita ce sana’ar da ke fara zo musu a rai: ba ta neman digiri, horonta ba ya daɗewa, kuma akwai samu. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ka riƙe tun kafin ka taɓa sitiyari. A gida in aka yi haɗari sai a ce tsautsayi ne, mai mota ya zo da dattawa, shugabannin tasha su shiga tsakani, a biya kuɗin asibiti ko diyya, a yafi juna. A can babu wannan zaman. Tambayarsu ita ce wa ya yi sakaci, kuma a takardu da na’urori suke neman amsa, ba a bakin mutane ba.

Hukumar da ke riƙe da harkar ita ce FMCSA, wadda aka kafa a 2000 a ƙarƙashin ma’aikatar sufuri ta tarayya, amma jiha ce ke ba da lasisi. Lasisin Najeriya ba ya aiki a kan tirela, ko shekara ashirin ka yi tsakanin Kano da Apapa. Abin da kake nema shi ne CDL, wato lasisin tuƙin manyan motocin kasuwanci, ajin A. Za ka fara da jarrabawar rubutu a ba ka takardar koyo, ka riƙe ta aƙalla kwana 14 kafin gwajin tuƙi. Tun Fabrairun 2022 dole horonka ya fito daga makarantar da ke cikin rajistar hukumar, don haka ka bincika sunanta a can kafin ka biya ko sisi. Sai ka cika shekara 21 za ka tsallaka iyakar jiha da kaya. Sannan ka je ofishin ba da lasisi na jiharka da takardun zamanka ka tambaya da bakinka ko sun isa, domin tun 2025 gwamnatin tarayya ta tsaurara ba da CDL ga baƙin da ba su da katin zaman dindindin. A 2025 ɗin ce kuma aka dawo da ƙa’idar Turanci da ƙarfi: jami’i zai yi maka tambayoyi a bakin hanya, ya nuna maka alamomin titi, in ka kasa sai ya dakatar da kai nan take. Turancin Kano ya isa, matuƙar ka saba da yadda suke haɗiye kalmomi.

Akwai gwajin lafiya wajen likitan da hukuma ta amince da shi. Takardar ba ta wuce shekara biyu. Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne hawan jini: in yana tsakanin 140 da 159 a sama ko 90 da 99 a ƙasa, shekara ɗaya za a ba ka, in kuwa ya kai 180 ko 110 babu takarda sai ya sauka. Kada ka ɓoye ciwon suga ko wata cuta a fom. Ranar da aka yi haɗari, wannan fom ɗin yana cikin abin da lauya zai fara buɗewa.

Batun ƙwaya muna so ka karanta sau biyu. Ana gwada fitsari kafin a ɗauke ka aiki, ana kuma yi ba-zata a cikin shekara. Suna neman wiwi, hodar iblis, ƙwayoyin hana barci na jinsin amfetamin, da dangin kodin. Maganin tari da ka ƙunso daga Sabon Gari, in akwai kodin a ciki kuma ba ka da takardar likita, ya isa ya kashe maka sana’a. Haka duk wani haɗin gargajiya da ba ka san abin da aka zuba masa ba. Wasu jihohi sun halatta wiwi, amma dokar direban tirela ta tarayya ce, kuma ba ta halatta ba. Ƙin yin gwaji daidai yake da faɗuwa. Tun Janairun 2020 akwai rumbun bayanai guda da kowane kamfani ke dubawa, saboda haka ba zancen ka bar wannan ka koma wancan. Goro da kofi ba su da laifi.

Awannin tuƙi

Nan ne ɗabi’ar gida ta fi cutar da mutum. Direban da ya saba tashi daga Kano da la’asar, ya ɗan runtse a Tafa, ya ci gaba har gari ya waye, zai ga dokar kamar takura ce. Bayan hutun awa 10 a jere, kana da awa 14 na aiki, kuma a cikinsu awa 11 kawai za ka yi tuƙi. Agogon awa 14 ba ya tsayawa don ka tsaya cin abinci ko don ka yi awa huɗu kana jiran lodi a ɗakin ajiya. Wannan shi ne abin da sababbi suka fi kuskurewa. Bayan tuƙin awa 8 dole ka yi minti 30 ba ka tuƙi. A kwana 8 ba ka wuce awa 70 na aiki, kuma hutun awa 34 a jere ke mayar da lissafin farko. Tun Disamban 2017 na’urar ELD ce ke rubuta duk wannan, tana jone da injin, da taya ta fara juyawa ta sani.

Ka tsara sallolinka a kan wannan agogon tun da safe. Hutun minti 30 ya isa alwala da salla da ɗan abinci, kuma matafiyi yana da sauƙin ƙasaru. Amma kada ka faka a kafaɗar babbar hanya ka shimfiɗa darduma kamar a hanyar Zariya. Kafaɗa ta larura ce kawai, kuma in wani ya zo ya daki bayan motarka a wurin, za a tambaye ka dalilin tsayawar. Ka nemi wurin hutun matafiya ko tashar manyan motoci, ka kuma sani wuraren kwana suna cika tun da yamma. Da azumi, in ka ji gyangyaɗi, doka da kanta ta hana gajiyayye tuƙi ko da sauran awanni a agogonsa.

Babu yaron mota

Kai ne direba, kai ne yaron mota, kai ne mai duba taya. Kafin kowace tafiya za ka zagaya motar, kuma abin da ka gani ko ka ƙi gani yana wuyanka. Zanen tayoyin gaba kada ya gaza 4/32 na inci, sauran 2/32. Ka duba fitilu, igiyoyin iska biyu da ke tsakanin kan mota da bodi, ka haska tocila ka tabbata bakin ƙarfen da ke riƙe bodi ya cije, ka ja a hankali ka ji ya riƙe. Gwajin birki kuwa kada ka taɓa yi masa ha’inci: iska ta cika, ka kashe injin, ka saki birkin fakin, ka taka ka riƙe minti ɗaya. In allurar agogon iska ta sauka fiye da maki 4, akwai yoyo. Ka ci gaba da dannawa, ƙararrawar gargaɗi ta tashi kafin iska ta gaza 55, sannan maɓallan birki su fito da kansu tsakanin 45 da 20. In ka ga matsala ka rubuta ta a rahoton mota. Gyaran da ka faɗa da baki babu shi, wanda ka rubuta shi ne zai tsaya maka.

Nauyin mota da kayanta ba ya wuce fam 80,000, wato kusan tan 36, kuma ba jimla kawai ake dubawa ba: tagwayen gatari ba sa wuce fam 34,000. Kana iya zama daidai a jimla amma baya ya yi nauyi, sai ka matsar da tayoyin bodi ka sake awo. Ka biya ’yan daloli ka auna a tashar mai kafin ka isa tashar awon gwamnati, domin tarar sau da yawa sunanka take ɗauka. Kayan da ba a rufe da hatimi ba, ka duba ɗaurinsu cikin mil 50 na farko, sannan duk awa 3 ko mil 150.

Gangaren dutse shi ne abin da hanyoyinmu ba su koya wa mutum sosai ba. Birki in aka daɗe ana taka shi yana zafi ya daina kamawa. Ka sa ƙaramar giya tun kana saman dutse, ka bar injin ya riƙe motar, ka taka birki ka rage mil 5 daga gudun da ka zaɓa, ka saki, ka maimaita. In birki ya tafi, akwai hanyar tsakuwa da ake ware wa irin wannan a gefen titi, ka shige ta ba tare da tunanin asarar mota ba. A Afrilun 2019 wani matashi ɗan asalin Kuba mai shekara 23 ya gangaro babbar hanya ta 70 a Kolorado birkinsa ya mutu, ya wuce irin wannan mafaka, ya afka wa motoci, mutum huɗu suka rasu. Kotu ta yanke masa shekara 110 a 2021, sai da gwamnan jihar ya rage ta zuwa 10. Bai sha komai ba, amma hakan bai cece shi ba.

In haɗari ya faru

Kada ka bar wurin. A gida direba kan gudu don tsoron kada jama’a su far masa, ya je ya miƙa kansa ga ’yan sanda. A can barin wurin haɗari laifi ne mai zaman kansa, kuma yana ƙwace CDL shekara guda. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka kira 911, ka taimaki wanda ya ji rauni gwargwadon iyawarka. Ba a karya ganye a zuba a titi. Akwai alamomi uku masu kusurwa uku a motarka, kuma cikin minti 10 za ka ajiye su. A titin da aka raba hannu, ƙafa 10 da 100 da 200 a bayan mota. A titi mai hannu biyu, ɗaya a ƙafa 10, ɗaya ƙafa 100 a baya, ɗaya ƙafa 100 a gaba. Ka kira kamfaninka, ka ɗauki hoton motocin, da sawun taya, da alamomin titi, ka karɓi lambar shaidu.

Sai ka kula da harshenka. Tarbiyyarmu ta sa “don Allah ka yi haƙuri” ke fara fitowa, kuma in ka mayar da ita Turanci za a iya rubuta ta a matsayin amsa laifi. Ka tambayi lafiyar mutum, ka faɗa wa ɗan sanda gaskiyar abin da ka gani, amma kada ka yi kirdadon gudu ko tazara. Kada ka miƙa wa jami’i na goro, kurkuku ne. In an rasa rai, ko an ba ka takardar laifi kuma an kai wani asibiti ko an ja wata mota, dole a gwada ka: barasa cikin awa 8, ƙwaya cikin awa 32.

Daga nan lauyoyi ke shigowa. A ƙa’ida kamfani ne ke ɗaukar alhakin abin da ma’aikacinsa ya yi a bakin aiki, amma sunanka yakan shiga ƙarar. Ana iya haɗawa da wanda ya yi lodi, da garejin da ya gyara birki, da kamfanin da ya ƙera taya. Za su nemi bayanan ELD, waɗanda kamfani ke ajiyewa wata 6, da kwamfutar injin da ke nuna gudunka da lokacin da ka taka birki, da kyamarar gaban mota, da tarihin wayarka. Riƙe waya a hannu haramun ne ga direban tirela tun 2012. Laifuka irin su wannan, ko zarce ƙa’idar gudu da mil 15, ko manne wa motar gaba, biyu cikin shekara 3 na jawo dakatarwar kwana 60, uku kwana 120. Inshora tana biyan kuɗi, ba ta zaman gidan yari a madadin kowa, kuma hukuncin babban laifi yana iya taɓa takardun zamanka.

In kuwa kai tirela ta buga a ƙaramar motarka, ka je asibiti a ranar ko ba ka jin ciwo, kada ka sa hannu a tayin farko na kamfanin inshora kafin lauya ya gani. Yawancin lauyoyin ba sa karɓar kuɗi sai an ci shari’a, su ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku. Wa’adin shigar da ƙara ya bambanta: shekara 2 a Tekzas da Kalifoniya, 3 a Niyok, 1 a Tenesi. Yawancin jihohi suna raba laifi su rage diyya gwargwadon kasonka, amma a Alabama, Merilan, Bajiniya da Karolina ta Arewa, ɗan laifi kaɗan daga ɓangarenka na iya hana ka komai.

Mai sha’awar sayen motarsa ya yi haƙuri ya yi shekara biyu a ƙarƙashin wani tukuna. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta gindaya wa mai ɗaukar kaya na yau da kullum dala 750,000 ce, wasu kaya masu haɗari har miliyan 5, kuma dillalan lodi galibi miliyan 1 suke nema. Haɗari mai tsanani yakan zarce wannan, ragowar kuwa a kan mai mota take. Ka yi hattara da yarjejeniyar da ake ba ka mota ana cire kuɗinta daga albashinka duk mako. Ka kai wa lauya ya karanta, musamman wa ke biyan gyara da abin da zai faru in ka kasa biya.

Za ka haɗu da mai turo lodi da zai ce ka ƙarasa kawai, saura mil 60, alhali agogonka ya ƙare, ko ya ce ka tafi da tayar a haka a gyara a gaba. Kunyar da muke yi wa maigida ba ta da wuri a nan. Tun 2016 doka ta hana kamfani ko mai kaya tilasta wa direba karya ƙa’ida. Ka amsa masa a rubuce, ta saƙon waya ko na’urar mota, ka ce awanninka sun ƙare ko motar ba ta da lafiya, ka ajiye hoton saƙon a wayarka ta kanka. In ya yi maka barazana kana da kwana 90 ka kai ƙara wajen FMCSA, in kuma ya kore ka a kan haka kana da kwana 180 ka kai wajen hukumar kare lafiyar ma’aikata ta OSHA.