Kurakuran da masu zuwa bincike ƙasar Gurung suka fi yi, har da nawa

Duk shekara sai wani ɗalibi ya turo mini tsarin bincikensa, yana son ya je Nepal ya zauna cikin Gurung. Kafin in kai shafi na uku na san inda zai yi tuntuɓe, domin a daidai wurin na taɓa faɗuwa. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗaɗɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta ta a wuri guda.

Sunan ma kansa ana fara kuskure a kansa. Gurung suna ne da sauran mutanen Nepal ke kiransu da shi. Su kansu Tamu suke ce wa kansu, harshensu kuma Tamu Kyi, dangin harsunan Tibet da Bama. Asalin mazauninsu gangaren kudu na tsaunukan Annapurna ne, a gundumomin Kaski da Lamjung da Gorkha da maƙwabtansu. Ƙidayar 2011 ta same su sun ɗan haura dubu 520, amma waɗanda suka ce Tamu Kyi ne harshensu na gida ba su kai kashi biyu cikin uku na wannan adadi ba. Ka riƙe wannan giɓi a ranka, don shi ne ke sa baƙo ya zo da zumuɗin wai zai ceci al'ada, kuma wannan zumuɗin ne ya kai ni ga ɓarnar da har yau nake jin kunyarta.

Babban bikin Tamu shi ne pae, wanda da harshen Nepali ake kira arghun. Ba jana'iza ba ce. An riga an binne ko an ƙona gawa, wani lokaci da watanni. Pae shi ne rakiyar ran mamaci zuwa ƙasar kakanni, kuma kwana uku ake yi. Ana haɗa mutum-mutumi a sa masa tufafin mamacin, dangi su zo daga ko'ina, kawun mamaci ko danginsa na wajen uwa su kawo ƙyallen da dole sai daga hannunsu zai fito. Masu jagorantar aikin su ne pachyu da klepri, a wasu gidajen kuma lama na addinin Buddha. Pachyu da klepri suna rera abin da ake kira pye-ta lhu-ta, dogayen karatuttuka da aka haddace baki da baki, suna bin sunayen wurare ɗaya bayan ɗaya, suna nuna wa rai hanyar da zai bi ya haura arewa.

Ni kuwa na samu izini a wani pae, na kafa rikoda, na kwana biyu ban runtsa ba. Na ɗauki komai, tun daga bugun ganga na farko har aka watse. Na sauko Pokhara, babban birnin yankin, ina jin kaina kamar wanda ya tsinci dami a kala. Sai da na koma gida, bayan watanni, na aika wa tafintana wani yanki ya fassara. Yaron kirki ne, haifaffen Tamu, yana jin harshen kakarsa sarai. Amsar da ya ba ni ita ce, a cikin kowace jimla kalma ɗaya ko biyu kawai yake ganewa. Harshen karatun tsoho ne, ba na hira ba, ko dattawan gari ba su cika fahimtarsa ba sai wanda ya yi shekaru a gaban malaminsa. Mutum ɗaya ne zai iya warware mini abin da na ɗauka, shi ne tsohon da ya rera. Na ce zan koma baɗi. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Da na koma, an riga an yi wa tsohon nasa pae ɗin.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba asarar bincike ba ce. Ɗansa ya tare ni ya ce ya ji an ce muryar babansa tana wurina, ko zan ba shi. Ban bar musu kwafi ba. Na kwashe muryar mutum na tsallaka teku da ita, na ajiye a aljihun tebur, ina kiran abin adana al'ada. Wa na adana wa? Ni ban gane ba, su ba su da shi.

To ku da kuke zuwa yanzu da kyamarori da jirgi marar matuƙi, ku ji ni da kyau. Ɗaukar murya ba aiki ba ne, farkon aiki ne. Duk wanda ya dawo yana alfahari da yawan awoyin da ya naɗa, na san bai yi komai ba tukuna. Abin da nake yi tun daga lokacin shi ne, ba na ɗaukar abin da ba zan iya zama in warware da mai shi ba kafin in bar garin. In na naɗi awa ɗaya, a cikin makon nan zan zauna da pachyu ɗin, in kunna, in tsayar, ya faɗi kalmar, ya faɗi ma'anarta, in rubuta. Awa ɗaya takan ci mini kwanaki, kuma ina biyansa ladan waɗannan kwanaki kamar yadda zan biya kowane malami, domin gona ya bari ya zauna da ni. Kwafi kuwa sai ya shiga wayar wani ɗan gidan, na ji da kunnena yana tashi, kafin in ɗaure jakata. Ina kuma tambayarsa wane sashe ne ba a kunna wa kowa, ko ba a kunnawa sai lokacin mutuwa. Akwai abokan aikina da ke ganin wannan ɓata lokaci ne, wai a naɗi da yawa tun tsofaffi suna raye, fassara ta biyo baya. Na gwada tasu, ga inda ta kai ni.

Wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman: kada ka rubuta "boka" a littafinka in kana nufin pachyu. Da zarar ka sa wannan kalma, mai karatunka ya gama yanke hukunci kafin ya ji me mutumin yake yi. Bar sunansa yadda yake, ka bayyana aikinsa.

Kuskure na biyu da ya ci ni, karatu ne ya jawo shi. Kafin in tafi na karanta tsofaffin rubuce-rubuce, ciki har da na Bernard Pignède, Bafaranshen da ya zauna a ƙauyen Mohoriya a 1958. A cikinsu za ka ga an kasa zuriyoyin Gurung gida biyu, char jat da sora jat, wato zuriyoyi huɗu da zuriyoyi goma sha shida, ana nuna na farkon sun fi daraja. Na ɗauki wannan kamar lissafi, na zana masa gurbi a takardar ƙidayar gidaje, na shiga gari gida-gida ina tambaya: ku na huɗu ne ko na sha shida?

A gida na biyar matar gidan ta ce mai gidan ba ya nan, alhali ina jin tarinsa a ciki. Bayan kwana biyu gari ya yi mini sanyi. Ana gaishe ni, ana ba ni shayi, amma hira ta mutu. Kusan wata guda na yi a haka kafin wani tsohon soja ya ji tausayina ya zaunar da ni. Ka ɗauka baƙo ya sauka a unguwarku da biro da takarda, yana bin gidaje yana tambayar su wane ne 'ya'yan sarauta, su wane ne jikokin bayi. Abin da na yi ke nan.

Wannan rabo tsohon miki ne. Dokar ƙasa ta 1854, ta zamanin firayim minista Jang Bahadur Rana, ta jera dukkan al'ummomin Nepal a kan tsanin addinin Hindu, ta sa Gurung cikin rukunin matwali, masu shan giya. Tamu da yawa suna ganin fifikon wasu zuriyoyi a kan wasu daga irin wannan tsari ya shigo musu, ba gadon kakanni ba ne. Bayan sauyin siyasa na 1990, da aka samu damar kafa ƙungiyoyin ƙabilu, irin su Tamu Pye Lhu Sangh a Pokhara, magana ta fito fili, aka yi ta muhawara mai zafi. Har lokacin da Sarah Harrison da Alan Macfarlane suka fitar da fassarar aikin Pignède da Turanci a 1993, sai da aka haɗa da bayanan masana 'yan Tamu da ke gyara wannan batu. Ni duk ban kula da wannan ba, na tsaya a 1958.

Yanzu ba na tambayar zuriya ko kaɗan. Ina tambayar aure: wa ya auri wa, wane ne kawun wane. Tamu suna son auren ɗiyar kawu ko ɗiyar gwaggo, don haka in ka bi igiyar aure da haƙuri, zuriyoyin za su bayyana da kansu, kuma daga bakinsu.

Sauran ƙananan, a taƙaice. Kada ka sa watannin Yuni zuwa Satumba a matsayin lokacin hira da mutane, damina ce, kowa yana dashen shinkafa, hanya tana zaftarewa, matsattsaku kuma su sha jininka. Kada ka kira babba da sunansa. Ana kiran mutane da matsayinsu a dangi ko jerin haihuwa, babba, mai bi masa, auta, kai ma za a laƙaba maka naka, ka amsa. Abincin da bakinka ya taɓa ya zama jutho, wato ya gurɓata, kada ka miƙa wa wani, kada kuma cokalinka ya koma tukunya. Harshen yana da karin sauti kamar namu, don haka ka sa alamar sauti a rubutunka tun ranar farko, Bahaushe ba shi da uzuri a nan.

Batun raksi, giyar da ake dafawa da tamba, yana damun ɗalibanmu musulmi. Kada ka yi ta ƙaryar ciwon ciki. Tun daren farko na gaya wa uwar gidan da na sauka cewa addinina ya hana ni, na kuma yi bayanin yanka. Ta yi dariya ta ce ta saba da masu hani, washegari duk gari ya sani, aka koma ba ni shayi. Dhindo kuwa tuwo ne, ka ci abinka.

Akwai kuma masu zuwa neman "Gurung na asali", su haye ƙauye mafi nisa, su ƙi kallon Pokhara. Wannan wauta ce. Tun 1815 Ingila take ɗibar samarinsu aikin sojan Gurkha, Indiya ma haka bayan 1947, kuɗin fansho ya daɗe da zama ginshiƙin gida. Macfarlane, wanda ya fara zama a ƙauyen Thak a ƙarshen 1968, ya yi hasashen yawan jama'a zai fi ƙarfin gonaki. Abin da ya faru shi ne mutane suka kwarara birni da ƙasashen waje, gonakin tudu suka koma daji, shi da kansa ya dawo ya rubuta haka. Daga 2009, da aka ba tsofaffin sojojin Gurkha damar zama a Ingila, ƙarin iyalai suka tashi. Yau Tamu Lhosar, sabuwar shekararsu da ke faɗowa a ƙarshen Disamba, ana yin ta da cincirindo a Kathmandu da Pokhara da garuruwan Ingila. Rodhi, gidan hirar samari da 'yan mata da dare mai kama da dandalinmu na da, ya ja baya a ƙauyuka, sunansa kuma ya koma kan gidajen waƙa na birni. Nogar, gayyarsu ta noma, tana buƙatar matasa, matasan kuwa suna Qatar da Malesiya. In ba ka bi mutanen inda suka tafi ba, rabin labarin ka samu.

Haka nan ka bambance abin da aka yi don kai da abin da aka yi don kansu. A ƙauyukan Ghandruk ko Ghalegaun, inda baƙi ke kwana a gidajen mutane, za a iya shirya maka rawar ghatu ta ɗan lokaci bayan cin abinci. Ba laifi, sana'a ce, ka kalla ka biya. Amma ghatu ta gaske tana da lokacinta, daga bikin Shree Panchami, wajen Janairu ko Fabrairu, zuwa daren da farin wata ya cika a watansu na Baisakh, wajen Afrilu ko Mayu, 'yan mata ƙanana ne ke yin ta idanu a rufe, hankalinsu ya gushe, ana rera labarin wani sarki da sarauniyarsa. Kada ka rubuta ta farko da sunan ta biyu. Ɗibar zuma a jikin dutse kuwa, ina roƙonka kada ka ba da kuɗi a hau maka tsanin igiya ba a kan lokaci ba don ka samu hoto. Ran mutum ne a rataye, kuma saƙar da aka yanke kafin ta nuna asara ce ga ƙudan.

Wani abin da kusan kowa ke tsallakewa: a gefen yawancin ƙauyukan Gurung akwai gidajen Kami maƙera da Damai maɗinka, waɗanda tsarin Hindu ya mayar ƙasƙantattu. Su ke ƙera lauje, su ke ɗinka tufafi, da yawansu suna jin Tamu Kyi. Na yi wata biyu ban taka unguwarsu ba, don masu masaukina ba su taɓa nuna mini hanyar ba, ni kuma ban tambaya ba.

Game da muryar tsohon nan, daga baya na mayar da ita. Na kai wa ɗansa kwafi biyu, na kai ɗaya wurin wani pachyu na ƙauyen da ke tsallaken kogi. Ya saurara ya ce salon gidansu ya bambanta da wannan, akwai sunayen wurare a hanyar da ba haka malaminsa ya koya masa ba. Ya warware mini abin da ya iya, ya kai kamar rabi. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015, wadda cibiyarta take kusa da Barpak a Gorkha, ta nuna mini kwafi ɗaya a gida ɗaya bai isa ba, shi ya sa yanzu nake barin uku: ɗaya a gidan mai muryar, ɗaya wurin danginsa a Pokhara, ɗaya wurin wani ɗansu da ke ƙasar waje, kowanne da takardar fassararsa a haɗe.