Yada zango a Zariya cikin azumi: kurakuran da muka fi yi

Mu mutanen Kaduna mun raina nisan Zariya. Kilomita wajen 80 ne, daga tashar Kawo zuwa Kwangila, sai mutum ya ce bari ya biya ta Birni a hanyarsa ta Kano, ya ga inda ya yi ƙuruciya. Niyyar tana da kyau, amma azumi yana sauya lissafin gari gaba ɗaya.

Kuskuren farko shi ne auna ziyara da agogo, alhali garin da salla yake auna wuninsa. Wanda ya bar Kaduna ƙarfe sha ɗaya zai shiga Ƙofar Doka rana na tsaka, dattawa sun kishingiɗa a zaure, shi kuma maƙoshi ya bushe. Bayan la'asar jama'a sun tafi tafsiri. Ka fita da an idar da asuba, ka gama zagayenka da hantsi.

Sai haɗama. Mutum na da awa uku, yana son ganin fada, da ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina, da dutsen Kufena, ya kuma leƙa jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Samaru fa, inda jami'ar take, ba cikin Birni take ba. Sai ka ratsa Tudun Wada da Sabon Gari da cunkosonsu. Zaɓi ɗaya. In Birni ne, ajiye mota, ka taka da ƙafa daga ƙofar fada zuwa cikin lunguna, inda har yanzu za ka ga soraye masu zanko.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zuwa da hoton tsohon gari a zuci. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli bakan gizon rufin nan na ƙasa ya san abin da aka rasa. Kada ka isa kana neman abin da ka bari shekara ashirin da suka wuce. Tambayi ɗan gari halin da wurin yake ciki kafin ka taso, kuma ka yi wa mamatan addu'a in ka je.

Wasu kuma da rana ta yi zafi sai su ce ai su matafiya ne, su kai hannu ga ruwa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya kwana da niyya ya kuma fita bayan alfijir, azumin ranar yana kansa. Ka ji ta bakin malaminka tun kana gida.

Akwai na zumunci. Bara na faɗa gidan gwaggona ba sanarwa, saura kaɗan a kira magariba, na tarar da ita gaban kaskon ƙosai, kunun tsamiya na tururi a ƙwarya. Na ce gaisuwa kawai na zo yi, zan wuce. Ta ajiye matsami ta dube ni: "Ɗan nan, a gidan ubanka za ka ƙi shan ruwa?" Kunya ta rufe ni, na cire takalmi. Ka kira tun jiya, ka riƙo dabino da sukari, ka kuma yanke shawara: ko ka gaisa da safe ka wuce, ko ka zauna a yi buɗa-baki da kai.

Kada kuma ka hau titi gab da faɗuwar rana, lokacin da kowane direba ke gudun ya sha ruwa a gida. In har ka kai la'asar sakaliya a Zariya, ka kwana. Idan goma ga wata ta wuce, bayan asham za ka ji gangar 'yan tashe tana tahowa daga bakin lungu.