Ƙanena da za ka tafi karatu Amurka, ga yadda za ka bi da maganar firatanati

Toh ƙanena, da ka sauka jami'a can za ka ga wasu gidaje da haruffan Girkanci manya-manya a jikin bango, ƙungiyoyin ɗalibai maza ne, su ake cewa firatanati. Mu nan Katsina da an ji sunan sai hankalin iyaye ya tashi a ce ƙungiyar asiri ce, kuma ba laifinsu ba ne, don ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokanshi suka kafa a Ibadan a 1952 ita ma ta ɗalibai ce, daga baya wasu suka ɓalle abin ya rikiɗe ya koma zubar da jini. Ta Amurka a fili take, makaranta ta san da ita, amma wallahi kada ka faɗa ido rufe.

Fara da kuɗɗi. Akwai na sabon shiga, akwai na kowane samista, in za ka zauna gidansu ga haya ga abinci, ga riguna da liyafa har da tara in ka ƙi zuwa mitin. Daga ɗaruruwan daloli ne har dubbai, kai kuma naira Baba ke canzawa ya turo maka, bizar karatunka ta F-1 awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati lokacin karatu, shi ma cikin makaranta. Ka ce su rubuta maka jimillar a takarda, ka tura gida a gani tukunna.

Sai lokaci. Mitin duk sati, aikin gayya, tara kuɗin taimako, ga GPA, wato matsakaicin makinka, da ba a so ya faɗi. Ba kamar NAKATSS ta ɗaliban jihar Katsina ko MSSN ta ɗalibai Musulmi da ka saba a jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ba ne da za ka leƙa in ka samu sarari.

Inda na fi jin tsoro shi ne giya da gwale-gwalen da ake wa sabbin shiga. A 2017 wani yaro Timothy Piazza ya rasu a jami'ar Penn State bayan an ɗura mashi giya daren karɓarshi, har sai da aka yi dokar tarayya kan wannan ɗabi'a a ƙarshen 2024. Don haka a satin da suke zawarcin sabbin ɗalibai ka tambaye su gaba da gaba, ni ba na sha, ina sallar Juma'a, ina azumi, ya za mu yi? In ka ga ana ƴan kame-kame tashi ka bar wurin.

Amfani akwai shi kam, abokai a ƙasar da ba ka da kowa, koyon shugabanci, da tsofaffin membobi masu buɗe maka ƙofar aiki. Alpha Phi Alpha ta baƙaƙen fata tun 1906 take, Martin Luther King ma ɗanta ne, kuma akwai ta Musulmi, Alif Laam Meem, da aka fara a jami'ar Texas ta Dallas a 2013.

Ni dai ina ganin ka bari samistan farko ya wuce, ka je ofishin da ke kula da ƙungiyoyin ka tambayi ko an taɓa dakatar da wadda kake so, sannan ka kira Baba ku yi shawara kafin ka sa hannu.