Babi na Shida: Haƙorin Roba da Dashen Haƙori

Darasi na 1

Iyayena maza da mata sannunku da ƙoƙari. A sa yatsa ƙarƙashin layi mu tafi a hankali, ba mai korar mu. Babban mutum haƙoransa 32 ne, amma shekaru na tafiya suna cinyewa, ga goro ga tauna ƙashi ga buɗe kwalba da baki, ga masu dirza da gawayi ko toka, har a wayi gari nama ya gagara sai koko da kunu. In haƙori na da sauran ƙarfi likita kan sa masa hula, wato murfin da ke rufe haƙorin. In ya gama lalacewa cirewa ake a cike giɓin, ko dai da haƙorin roba wanda ake sawa a cire, ko da dashe wanda yake zaune daram. Akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Shika, can za ku je a duba, ba wajen mai cirewa a kasuwa ba.

Darasi na 2

Nan ne fa aikin yake. Haƙorin roba ba a kwana da shi. Ku maimaita da ƙarfi: ba a kwana da shi. Bayan isha'i in an gama cin tuwo, a tara ruwa a kwano tukuna saboda in ya suɓuce ya faɗi a siminti tsagewa zai yi. A cire shi a kan kwanon, a wanke da buroshi mai laushi da ɗan sabulu mara ƙamshi, a ɗauraye sosai, ban da makilin don yana kankare shi. Sai a sa a kofi a zuba ruwan sanyi ya rufe shi ruf.

Ruwan me na ce? Na sanyi. Madalla Inna, haka ne. Na san lokacin hunturun Zariya kowa da flas ɗinsa na alwala, hannu na saurin kaiwa can, to ruwan zafi lanƙwasa roba yake, in ta lanƙwashe ba za ta ƙara zama a baki ba sai an yi sabo, kuɗi sun tafi kenan. In kuma aka bar shi a bushe kan taga ko a ɗaure a bakin zani shi ma yana canza siffa.

Me ya sa ake cirewa? Dasashi na son hutu. Wanda ke kwana da shi ƙasan robar kan yi ja ya kumbura, wani har farin gyambo da warin baki. Ku rubuta a littafinku: cire, wanke, ruwan sanyi. Ku sake rubutawa a layi na biyu, ba komai in rubutun ya karkace.

Haba Baba, wallahi abin nan na ba ni mamaki, a faɗa a aji kowa ya gyaɗa kai, sati na zagayowa a ce ai kunya ake ji kar jikoki su gani ko kar Hajiya ta gani. To wa ya hana a rufe kofin? Dan Allah a cire. A wanke. Ruwan sanyi.

Darasi na 3

Satin farko da sa haƙorin roba a fara da abu mai laushi, fate ko tuwo da miyar kuka, a tauna ta gefe biyu. Rake da kilishi a dakata. In yana gurzar dasashi kar a kankare da reza, a mayar wa likita. Dasashi na motsewa da shekaru, in haƙorin ya fara rawa a baki a koma wajen likita.

Darasi na 4

Dashe ɗan ƙarfe ne mai kama da ƙusa da ake kafawa a ƙashin muƙamuƙi bayan allurar kashe zafi. A kan jira wata 3 zuwa 6 ya kama sannan a ɗora haƙori. Kafin a kafa ƙarfen sai an yi hoton ƙashi tukuna. Mai ciwon suga da mai shan taba su faɗa wa likita tun farko. Ya fi na roba tsada nesa ba kusa ba, a tambayi kuɗin kafin a fara.