Yadda Ma'aikacin Asibiti Zai Gane Barazana Kafin Ta Kai ga Duka, da Abin da Zai Yi Idan Ta Kai

Duk wanda ya taɓa aiki a asibitin gwamnati ya san wuraren da aka fi cin zarafin ma'aikata: sashen agajin gaggawa, ɗakin haihuwa, tagar yankar kati da biyan kuɗi, sai kuma ɗakin kwanciyar marasa lafiya da tsakar dare, lokacin da nas ɗaya ko biyu ke riƙe da gadaje masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa kashi 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya suna fuskantar duka ko wani hari a jiki a tsawon rayuwar aikinsu, waɗanda ake zagi da tsoratarwa kuwa sun fi haka yawa. Galibin masu aikata hakan marasa lafiya ne da 'yan'uwansu, mutanen da suka iso cikin firgici, suka daɗe a kan benci, suka ƙarar da abin da ke aljihunsu, ba wanda ya tsaya ya gaya musu halin da ake ciki. Wannan ba ya halatta ɗaga wa kowa hannu, amma saninsa ne ke ba ma'aikaci damar hango fitina tun tana nesa.

Da wuya mari ya zo babu sallama. Abin da ma'aikaci zai sa wa ido shi ne canjin da ke bayyana a jikin mai jinya: wanda ya kasa zama yana ta kai-komo a bakin ƙofa, wanda ya maimaita tambaya ɗaya sau uku kuma kowane karo muryarsa na ƙara hawa, wanda ya fara buga tebur ko nuna yatsa, wanda ya matso har ana jin hucinsa, ko ya tsaya tsakanin ma'aikaci da hanyar fita. Wanda ya fi waɗannan ban tsoro shi ne mai faɗan da ya yi tsit farat ɗaya, ya kafe mutum da ido, ya dunƙule hannu. Warin giya ko alamar an sha ƙwaya suna ƙara nauyin kowace alama. Haka nan a lura da yawan 'yan rakiya, musamman idan samari da yawa suka kawo wanda aka sara a faɗan unguwa, domin abokan faɗan na iya biyo sawunsa har bakin gado.

Sannan a saurari kalmomin da ke fitowa, a rarrabe kuka da barazana. Uban da ya ce, "Tun safe muke nan, ba wanda ya dube mu," koke yake yi, kuma maganin kokensa bayani ne. Wanda ya ce, "Kin san ko ni wane ne?" yana gwada ma'aikaciya ne ya ga ko za ta razana, kuma har yanzu ana iya shawo kansa. Amma wanda ya ce, "Idan ta mutu ke ma ba za ki kwana ba," ko "Na san hanyar gidanki," ko ya ɗaga waya ya ce, "Ku taho da yara," ya riga ya ƙetare iyaka. Duk barazanar da ta ambaci mutum, ko wuri, ko lokaci, ko makami, a ɗauke ta da gaske a sanar da shugaban sashe nan take, ko da mai ita ya dawo daga baya yana murmushi yana cewa ɓacin rai ne.

Idan mara lafiyan ne da kansa ya fara fizge-fizge da kai duka, abin da za a fara tunani shi ne ciwo. Mai ciwon suga da sugarsa ta faɗi, wanda ya bugu a ka, wanda zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, wanda iskar oksijin ta yi masa ƙaranci, da wanda yake farfaɗowa daga farfaɗiya, duk suna iya dukan wanda ya zo taimakonsu ba da saninsu ba. Irin wannan a kira abokan aiki a riƙe shi cikin mutunci, a auna suga da iskar jininsa, a nemi likita.

Da zarar alamu sun bayyana a kan mai jinya, sai ma'aikaci ya gyara tsayuwarsa kafin ya buɗe baki. Ya bar tazarar taku biyu tsakaninsu, ya ɗan karkata maimakon ya fuskanci mutumin ƙirji da ƙirji, hannuwansa su kasance a fili, hanyar fita kuma ta kasance a ɓangarensa. A kawar da almakashi, allura da kwalba daga kan tebur, a cire abin sauraren ƙirji daga wuya, mai dogon hijabi kuma ta tuna cewa ana iya jan ta da shi. Kada a dafa kafaɗar mai fushi da nufin lallashi, kuma kada ma'aikata uku su riƙa amsa masa a lokaci guda, domin hakan yana sa shi jin an yi masa taron dangi. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su tsaya kusa.

Maganar kuwa ta fara da gaisuwa, ko da an makara. "Sannu da jinya, Alhaji, ya mai jiki?" tana sauke abin da jawabi mai tsawo ba zai sauke ba, domin ta nuna wa mutum an gan shi. A kira shi da abin da ya dace da shekarunsa, Baba ko Malam, Hajiya ko Mama, a bar shi ya faɗi abin da ke cinsa har ya kai aya. Idan suna da yawa, a tambaya, "Wane ne babba a cikinku?" a ja shi gefe a ba shi kujera. Wannan dabara tana aiki sosai a wajenmu, saboda mutumin da aka girmama a gaban ƙannensa shi ne zai koma ya tsawatar musu, kuma namiji da yake faɗa a gaban jama'a yana jin kunyar sauka, amma a keɓe yana sauka.

Bayan sauraro sai gaskiya, dalla-dalla. Maimakon "Likita yana zuwa," wadda mai jinya ya riga ya ji sau biyar, a ce, "Likita yana ɗakin tiyata da wata mai naƙuda, zai kai rabin awa, kafin nan zan sa wa yaron ruwa in auna shi, kuma zan dawo in gaya maka abin da na gani." Sai a dawo ɗin. Akwai kalmomin da a ganina ya kamata a haramta su a kowane asibiti: "Ba aikina ba ne," "Je ka kai ƙara duk inda ka ga dama," da kuma "Sai yanzu kuka kawo shi?" Ta ƙarshen nan tana ɗora laifin ciwon a kan mutumin da zuciyarsa ta riga ta cika da zargin kansa, kuma sau da yawa ita ce ashanar. Lallashi ba ya hana kafa iyaka, ana iya cewa cikin sanyin murya, "Baba, ina son in taimaki yaron nan, amma ba zan iya aiki ana zagina ba. Zauna nan, ka ba ni minti goma."

Rigima mai yawa tana tasowa ne a kan kuɗi da takardar 'yan sanda, don haka ma'aikaci ya san abin da doka ta ce. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin ba da agajin gaggawa ga wanda yake buƙata, dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga kuma ta wajabta karɓarsu a fara yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sannan a sanar da 'yan sandan. Wanda ya tsaya kan "a biya tukuna" alhali jini na zuba ya jefa kansa cikin haɗari biyu.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne sanar da rasuwa. Idan jiki ya yi tsanani, a fara gaya wa dangi tun da sauran numfashi, kada labarin ya faɗo musu kamar aradu. Idan rai ya yi halinsa, kada a faɗa a baranda, kada kuma a bar ƙaramar ma'aikaciya ita kaɗai da wannan nauyi. Ma'aikata biyu su zauna da babban dangi a ɗakin da ke da hanyar fita, mai gadi yana kusa, a faɗi abin da ya faru da abin da aka yi, a yi ta'aziyya, a ba su lokaci. Kada a aiki ɗan'uwa sayen magani don a kawar da shi alhali an san mara lafiya ya cika. Idan ya dawo da leda a hannu ya tarar an rufe fuska, babu bayanin da zai ƙara shiga kunnensa.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a fita. Ba abin kunya ba ne ma'aikaci ya bar ɗaki, domin nas da aka karya wa hannu ba ta da amfani ga sauran masu kwance. Kowane sashe ya kasance yana da kalmar da aka yi ittifaƙi a kanta, wadda idan aka faɗe ta kowa ya san a kira masu gadi ba tare da mai fushin ya gane ba. Idan makami ya fito, kada a yi yunƙurin ƙwace shi, kada a yi gardama kan waya ko kuɗi. A nemi ɗaki mai sakata, a kira lambar agajin gaggawa ta 112 ko lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, wadda ya kamata a ce tana manne a bango tun kafin ranar. Wanda aka riƙe ya yi amfani da ƙarfin da zai kuɓutar da shi kawai, kada ya tsaya ramuwa.

Bayan ƙura ta lafa, wani likita dabam ya duba wanda aka taɓa, ya rubuta raunin, a ɗauki hotonsa. A ranar nan a rubuta rahoto: lokaci, wuri, ainihin kalmomin da aka faɗa, sunayen shaidu, kuma ma'aikaci ya riƙe kwafinsa. Saƙon barazana na waya ko WhatsApp kada a goge shi. A kai rahoton ga shugaban sashe da hukumar asibiti, a sanar da ƙungiya, NANNM ga ma'aikatan jinya da ungozoma, NMA ga likitoci. Duka da tsoratarwa laifuffuka ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, don haka ƙofar 'yan sanda a buɗe take. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta shafi raunin da aka samu a bakin aiki, kuma ta buƙaci a sanar da hukumar wurin aiki cikin kwana 14. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a Janeba a 2019 kuma Najeriya ta amince da ita a 2022, ta haɗa har da abin da ya sami ma'aikaci a hanyar zuwa aiki ko ta waya.

A nan ne al'adarmu ke shigowa da ƙarfi. Kafin gari ya waye mai unguwa da liman da dattawan gida sun iso suna roƙon a yi haƙuri don Allah. Yafiya abu ne mai falala, amma haƙƙin wanda aka mara ne shi kaɗai. Shugaban asibiti ba shi da ikon yafewa a madadinsa, ba shi kuma da ikon matsa masa. Ko an yafe, rahoton ya zauna a fayil. Da waɗannan takardu ne ake gane cewa rigima tana yawan tashi a aikin dare, ko a ƙofa kaza, ko duk ranar da babu jini a ma'ajiya, kuma da su ne ƙungiya za ta iya neman gyara. Haka abin yake idan mai cin zarafin na cikin gida ne, kamar babban da ke tsoratar da ɗalibar jinya da makin jarabawa don ta biya masa buƙata: a rubuta, a adana saƙonni, a tsallake shi a kai ƙara ga na sama da shi.

Ga masu riƙe da asibiti, gyaran da ake nema ba mai tsada ba ne. A taƙaita masu jinya zuwa ɗaya ko biyu ga kowane gado, a sa fitila a baranda da wurin ajiye ababen hawa, kada a bar mutum ɗaya a aikin dare, kada kuma a datse ƙofar baya da kwaɗon da makullinsa ya tafi gida a aljihun wani. Wanda aka kai wa hari yana iya kasa barci ko ya riƙa firgita da ƙarar ƙofa har tsawon makonni, don haka a ba shi hutu, a haɗa shi da likitan da zai saurare shi, a canza masa lokacin aiki idan ya nema, kuma idan an ambaci gidansa a cikin barazanar, a samo wanda zai riƙa raka shi har sai 'yan sanda sun kammala bincike.