Kurakuran da aka fi yi wajen hana gansakuka mai guba da karan sha'ir

Gansakukar da ta fi haɗari a tafki ita ce mai kama da koren fenti da aka tsiyaya a saman ruwa. Masana na kiranta sayanobakteriya, kuma wasu nau'o'inta, irin su Microcystis, suna fitar da gubar da ke lalata hanta. Shanu da karnuka da dama sun mutu bayan sun sha irin wannan ruwa, kuma a 2014 sai da aka hana mutanen birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo saboda ita. A Ingila aka gano cewa busasshen karan sha'ir da ke ruɓewa a cikin ruwa yana rage ta, aka kuma wallafa gwajin da aka yi a mashigin ruwa na Chesterfield a 1990. Dabarar ba ta da tsada, amma da yawa daga masu cewa ta ba su kunya, su ne suka yi ta ba daidai ba.

Babban kuskure shi ne jira sai ruwa ya yi kore shar sannan a kawo kara. Karan ba ya kashe gansakukar da ta riga ta fito, sabuwa yake hana yaɗuwa. Kuma ba ya fara aiki sai ya soma ruɓewa: mako shida zuwa takwas idan ɗumin ruwan bai kai digiri 10 na ma'aunin Celsius ba, mako ɗaya zuwa biyu idan ya haura digiri 20. Shi ya sa a Ingila ake zuba shi tun sanyi bai gama wucewa ba. Ƙarfinsa kan yi wata huɗu zuwa shida, don haka a saka sabo tun tsohon bai gama narkewa ba.

Sai wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato a ɗauki dami a ɗaure tamau a wurga tsakiyar tafki. Irin wannan dami yakan sha ruwa ya nutse cikin laka. In ka tsamo shi bayan wata guda, za ka tarar cikinsa ya yi baƙi ƙirin, yana yauƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruɓewar da ake so mai iska ce: ƙwayoyin halitta su cinye ɓangaren karan mai tauri, su saki sinadaran da ke danne gansakuka, waɗanda ake ganin hasken rana da iskar oksijin na ƙara musu ƙarfi. A cikin laka babu ko ɗaya daga biyun. Gyaran shi ne a warware karan ya yi sako-sako, a cusa shi cikin raga ko buhun albasa mai huji ba tare da an danna ba, a ɗaura masa jarkoki marasa komai don ya yi iyo, sannan a ɗaure da igiya da dutse kada iska ta kai shi gefe. Ƙananan buhuna a wurare da dama sun fi ƙaton guda, musamman a bakin inda ruwa ke shigowa.

Awo ma ana kuskure shi. Da faɗin saman ruwa ake lissafi, ba da zurfi ba: giram 10 zuwa 25 a kowace murabba'in mita. Karan da tafki mai tsawon mita 40 da faɗin 25 ke buƙata ba zai wuce kilo 25 ba. Ruwa mai laka yana buƙatar ƙari, domin lakar na tsotse sinadaran. Amma in aka lafta da yawa, ruɓewar za ta shanye iskar ruwan, a wayi gari kifi na yawo ciki a sama. Haka zai faru in aka sa ɗanyar ciyawa ko harawa a madadin busasshen kara, ga kuma taki da za su ƙara wa gansakukar. Kainuwa da sauran ciyayin ruwa kuwa, karan ba ruwansa da su.

Wasu kan sa kara su manta da abin da ke ciyar da gansakukar, wato sinadaran fosforas da naitirojin da ke gangarowa daga takin gona, kashin dabbobi da ruwan wanki. Muddin waɗannan na shiga, kara kaɗai ba zai iya ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna wani tafkin ya gyaru, wani bai gyaru ba. A bar ciyawa ta yi kauri a gefen tafki ta tare gangaren, a kuma yi wa dabbobi mashaya a nesa.

In kuwa gansakukar ta riga ta fito, a ɗebi ruwan a kwalba a ajiye ya kwana. Idan koren ya taru a sama, a ɗauka mai guba ce. A hana yara wanka, a kau da dabbobi, kada kuma a dogara da tafasawa, domin wuta ba ta kashe wannan guba, ƙara mata kauri take yi. Zuba maganin kashe gansakuka a wannan lokacin yana fasa ƙwayoyin gansakukar, gubar ta bazu cikin ruwa gaba ɗaya. A kira jami'an lafiyar muhalli su gwada ruwan kafin a sake buɗe tafkin.